Ɗaya-Biyu, Mai Gyaran Lasifika

Ni ba mai yawan magana ba ne, kuma ban cika yarda da masu yinta ba. Aikina hawa tsani. Mijin yayata yana gyara lasifika da amfilifaya a ƙasa, ni nake hawa sama in ɗaura. Tun gashina yana baƙi muke wannan aiki tare, yanzu gwiwoyina har ƙara suke yi in na taka matakala. Na ɗaura lasifika a kan masallatai, na ɗaura a coci, na ɗaura a tashar mota da filin ƙwallo, kuma na ji abin da ake faɗa ta cikinsu har kunnena ya ƙoshi. Shi ya sa in mutum yana zuba, ni hannunsa nake kallo.

Mijin yayar tawa kowa Ɗaya-Biyu yake ce masa. Daga makirfo ya samo sunan. In ya gama gyara ba ya gwadawa da karatu ko waƙar ibada yadda wasu suke yi, ya ce maganar Allah ba abin gwada waya ba ce. Sai ya kai baki ya yi ta cewa, "Ɗaya, biyu. Ɗaya, biyu," har unguwa ta haddace muryarsa. Ni Maigida nake ce masa a shago, shi kuma ya ce mini Sarkin Mita, wai na cika gunaguni.

Shagonmu ɗaki ɗaya ne a bayan masu facin taya. Akwai teburi da dalma ta ƙona masa fuska ko'ina, da gwangwanayen madara cike da noti da fiyus, da fanka wadda ba ta tashi sai an tura ta da sukudireba. A saman kanta lasifiku ne jere, waɗanda masu su suka kawo gyara suka manta da su. A nan ya ƙare ƙuruciyarsa, a nan na ƙare tawa.

Ubansa Musulmi ne, makanikin jirgin ƙasa. Uwarsa Kirista ce, tana wanki a asibiti. Dangin kowane ɓangare ba su so auren ba, su kuwa suka yi zamansu lafiya a ɗaki biyu kusa da layin dogo. Yaron ya tashi yana bin uban masallaci, ranar Lahadi kuma ya riƙe wa uwar jaka har ƙofar coci. Bai taɓa ganin wani abin mamaki a cikin haka ba sai da uban ya rasu, lokacin gemu bai fito masa ba.

A wurin zaman makoki wani baffansa ya ja shi gefe ya dafa kafaɗarsa, ya ce ya ji tausayin uwarsa, domin in ta mutu a yadda take, ita da mijinta sun rabu ke nan har abada. Ba a jima ba wata ƙawar uwar daga coci ta zo gaisuwa, ta riƙe masa hannu tana hawaye, ta faɗa masa irin wannan magana a kan ubansa. Ya ce mini duk cikinsu ba wanda ya faɗa da mugunta, da ma da mugunta ne da ya fi sauƙi. Ya shiga ɗaki ya tarar da uwarsa tana ninke rigunan aikin uban, tana shinshina warin baƙin mai a jikinsu. Ya tsaya yana kallonta, ya rasa wanda zai bari a waje cikin su biyun.

Sau ɗaya tak ya ba ni wannan labari, wata rana ruwan sama ya tsare mu a ƙarƙashin rumfar wata makaranta. Bai sake ba, ni ma ban sake tambaya ba.

Daga wannan lokaci ya fara tambaya, bai kuma daina ba. Sana'ar ma ta taimaka masa, don mai gyaran lasifika ba ƙofar da ba a buɗe masa. Amfilifayar kowa in ta yi zafi ƙonewa take yi. Ƙa'idarsa kuwa, in ya yi gyara ba ya tafiya sai ya ji kayan suna aiki da mutane a ciki, domin ɗakin da ba kowa da ɗakin da ya cika ba sa ɗaukar sauti iri ɗaya. Wannan gaskiya ce ta aiki. Amma tun da wuri na lura ko sauti ya daidaita ba ya tashi. Zai zauna can baya kusa da takalma, ko a bencin ƙarshe, ya karkata kai yana saurare har a watse. Ni ina waje a inuwa ina gadin tsani.

Kuma ba masallaci da coci kaɗai ba. Akwai wasu baƙi ma'aikatan masaƙa da suke da ɗan ɗakin ibadarsu a saman bene, da ƙararrawa da turare. Rediyo ya je gyara musu, ya ƙare da wata da watanni yana zuwa. Akwai kuma wasu da suke haɗuwa a ajin makaranta bayan an tashi, su zauna shiru ba mai cewa uffan.

Na ce, "Maigida, waɗannan kuma me za ka gyara musu? Ko makirfo ba su da shi."

Ya ce, "Su ne suke gyara ni."

"To Allah Ya ba su sa'a, ni dai ban ga alama ba."

Ƙarya na yi, na gani. Daga wurin masu shirun nan ya daina katse mutum in yana magana, abin da yayata ta yi shekaru tana roƙo bai yi ba. Sallar asuba yakan riga ni, ni da nake cewa na zauna wuri ɗaya. Amma ranar da za a rera waƙar da uwarsa take so a coci, je ka bencin ƙarshe, za ka same shi bakinsa yana motsi. In wani ya matsa masa ya ce, "Wai kai a ina kake?" sai ya ce, "Ina nema tukuna."

Kada a ce ba a ba shi amsa ba. An ba shi. Wani tsohon limami ya zaunar da shi ya ce masa hukunci na Allah ne, ba na baffansa ba, kuma rahamar Allah ta fi tunanin kowa faɗi. Wani fasto ma ya faɗa masa kusan haka. Ya dawo shago ya ce mutanen nan sun yi masa adalci.

Na ce, "To ka zauna mana."

Ya ce, "Da kunne na ji. Ina jira in ji a nan." Ya dafa ƙirji. "In na zauna kafin haka, kunyar mutane ce ta zaunar da ni."

Ba shi kaɗai ba ne irinsa, har shago suke biyo shi. Akwai wani tsohon soja da ya ce a bakin daga ya ji kowane ɓangare yana ambaton Allah kafin ya yi harbi, tun ran nan ya kasa tsayawa a sahun kowa. Akwai wata mai sayar da magani da ta ce ita ba abin da ya same ta, haka aka halicce ta, tun tana ƙarama in aka ce mata nan magana ta ƙare sai ta ji tana son leƙa bayan katangar. Su sha shayi, su yi ta musu ba mai fushi, su tare mini hanyar fita da tsani.

Na ji ana cewa irin waɗannan mutane ragwaye ne, nauyin ibada suke gudu. Ban san sauran ba. Nawa dai na san lokacin da maƙwabcinmu mai faci ya kwanta ciwo, danginsa suna nesa, Ɗaya-Biyu ne yake juya shi yana goge masa jiki yana zubar masa da fo, har mutumin ya miƙe. Yayata kuwa tana sallarta tana yi masa addu'a. In mata suka tsokane ta sai ta ce, "Mijina bai ɓata ba, hanyarsa ce ta yi tsawo."

Wanda bai iya ɗaukar abin da wasa ba shi ne Auta, ɗansu namiji guda bayan 'yan mata. Uwar Ɗaya-Biyu ce ta goye shi, don a gidansu ta ƙarasa rayuwarta, ta rasu yana firamare. Yaro ne mai son kowane abu ya zauna a mazauninsa, da ya girma ma sai ya zama mai ɗaura tayil, layinsa ba ya karkata. Tun yana ƙarami yara suke tsokanarsa, "Ɗan Ɗaya-Biyu, yau a ina babanka ya yi ibada?" Sau nawa na raba shi dambe a kan haka. Da ya kawo ƙarfi sai ya manne wa wani masallaci a sabuwar unguwa, inda samari suke karatu da gaske. Ba mugayen yara ba ne. Su suke yashe kwatar layinsu, su suke kai marar lafiya asibiti. Ya yi aure, ya kama ɗaki da falo a bayan masallacin.

Ranar da matarsa ta haihu ya zo shago ya tsaya a ƙofa. Ya durƙusa ya gaida uban, ya gaida ni. Ladabinsa bai taɓa raguwa ba, shi ya sa abin ya fi ciwo.

"Baba, an sauka lafiya. Mace ce."

Ɗaya-Biyu ya ajiye ƙarfen dalma a kan wata waya har ta fara hayaƙi, ya miƙe yana lalube hularsa.

"Baba, tsaya tukuna," in ji Auta. "Ba na so ta tashi ana yi mata tambayar da aka yi ta yi mini. Ka zo masallacinmu, a gaban mutane, ka ce nan ka tsaya, ka bar sauran wuraren. Ranar da ka yi haka, da hannuna zan ɗora maka ita."

"In ban yi ba fa?"

Auta ya dubi ƙasa. "Inna tana iya zuwa kullum."

Na ce, "Kai Auta, ubanka ne fa."

Ya ce, "Na sani, Kawu. Don ubana ne."

Ya tafi. Ni na cire ƙarfen daga kan wayar, don mai shi ya manta da shi.

Haka watanni suka wuce. Yayata ta je ta dawo da labari, yau yarinya ta yi murmushi, gobe ta fara zama, jibi haƙori ya tsago. Ta nuna masa hoto a waya, ya riƙe nesa da ido ya daɗe yana kallo, sannan ya mayar mata. Na sha ganinsa ya ɗauki jakar kayan aiki ya bi ta layinsu Auta alhali ba mu da aiki a can. Ba ya tsayawa. Ƙananan rigunan da aka shanya a igiya yake kallo ya wuce.

Wata rana na gaji na ce masa, "Maigida, magana ce fa, iska ce. Je ka faɗa ka ɗauki jikarka. In an kwana biyu ka ci gaba da yawonka a ɓoye, wa zai bi ka? Mutum nawa na ji sun rantse ta cikin lasifikar da na ɗaura, gari ya waye suka yi wani abu dabam?"

Ya ce, "Sarkin Mita, ba kai kake cewa hannu kake kallo ba? In na faɗa, da hannun maƙaryaci zan ɗauke ta."

"Jaririya ce, ina ta sani?"

"Ni zan sani."

Na ce masa wannan taurin kai ne, ya ce mai yiwuwa. Muka yi kwanaki ba abin da yake haɗa mu sai "miƙo fulaya". Haushin su biyun nake ji, uban da ɗan, don halinsu ɗaya. Kowa ya fi son ya karye da ya lanƙwasa, yarinya kuwa tana ta girma.

Ana haka sai masallacinsu Auta suka gama ginin sama, suka sayi sababbin lasifiku. Wanda ya ɗaura musu ya yi iya yinsa, amma da an kunna sai su kama wani kuka mai huda kunne, maƙwabta suna ta ƙorafi. Limaminsu, wani matashi mai tabarau mai sanyin magana, ya zo shago da kansa. Daga baya na ji Auta bai so ba, amma limamin ya ce lasifika suke so a gyara, ba jarrabawa za su yi wa mai gyaran ba.

Kukan bai ba mu wahala ba. Makirfo ne yake kusa da bakin lasifikar ciki, sai wata waya da aka haɗa a juye. Kafin rana ta yi zafi mun gama wannan. Saura aikin da ya sa ake neman Ɗaya-Biyu, wanda kuma ya sa ni nake tsine wa ranar da na koyi hawa tsani. Shi ba ya yarda a ɗaure noti a sauko. Sai ni in zauna a kan kwanon rufi da sifana a hannu da waya a kunne, wani ya riƙa ƙirga a makirfo, shi kuma ya zaga unguwa da ƙafa yana sauraren inda sauti yake sauka. Ya ƙwanƙwasa ƙofa ya tambayi mutanen gida yadda yake shigo musu, sannan ya ce mini ta waya in ɗaga, ko in sauke, ko in juya hagu kaɗan. So yake sauti ya bi titi ya haye rufin gidaje, kada ya daki tagar kowa kai tsaye.

Amma kunnensa na hagu ya daɗe da tafiya. Shekarun kukan lasifika sun cinye shi. Yana ɓoyewa, ni kuwa na sani, don ina ganin yadda yake juyo da kai in ana masa magana. Kafin in hau na ce wa limamin, a gaban kowa, "Malam, kunnen maigidana ɗaya ne ya rage. A haɗa shi da mai guda biyu."

Ɗaya-Biyu ya harare ni kamar zai cinye ni. Limamin ya dubi samarin da suke tsaye, ya gyara tabarau, ya ce, "Auta, ai kai ya kamata."

Ba zan ce ban san abin da nake yi ba.

Aka ba tsohon ladaninsu makirfo aka ce ya ƙirga. Ya ce shi tun da yake bai taɓa kiran mutane da lissafi ba, amma ya karɓa. Na hau. Kwanon ya fara ɗaukar zafi. Daga sama ina hango su biyu a titi, uban a gaba da waya a hannu, ɗan a baya riƙe da jakar kayan aiki, ba mai kallon wani.

Gidan farko na wani mai gashin burodi ne da yake barcinsa da rana. Na ji ƙarar sakata ta cikin waya, na ji Ɗaya-Biyu yana ba shi haƙurin tashinsa.

"Yaya ƙarar take shigo maka?"

"Kamar a cikin filona aka sa ta, Baba."

"Sarkin Mita, ɗaga bakinta sama kaɗan. Ƙara. Tsaya nan. Auta, yaya ka ji?"

"Ta yi laushi," in ji Auta. Da suka bar ƙofar sai ya ce, "Amma Baba, kiran salla ne fa. Ai so ake kowa ya ji."

"Zai ji. So nake ya ji an kira shi, ba an mare shi ba."

Gaba kaɗan suka tsaya gidan wata dattijuwa da Ɗaya-Biyu ya sani a coci, mijinta yana kwance ba ya tashi. Na zaci za ta ce a rage. Sai na ji ta ce, "A'a, ku bar mini ita yadda take. Da kiran asuba nake tashi in ba shi magani, agogona ya mutu. Wannan kukan mai kama da na akuya ne dai ba na so." Ta tambayi Ɗaya-Biyu ko wannan dogon ɗansa ne, ta ce Allah Ya yi masa albarka. Auta ya ce amin, a hankali.

Suka ci gaba da tafiya, ginin wata makaranta ya tare mini su. Ɗaya-Biyu bai kashe wayar ba. Da ma ba ya kashewa, sai ya jefa ta aljihun gaba ya manta da ni a sama. Ina jin takunsu, ina jin ladan yana ƙirga, ya gaji ya koma farko.

"Baba," muryar Auta ce, ƙasa-ƙasa. "Ba ka gaji ba?"

"Gwiwa ce dai."

"Ba wannan nake nufi ba."

"Na san abin da kake nufi. Na gaji mana. Kana tsammani daɗi ne mutum ya tsufa a bakin ƙofa kusa da takalma?"

"To ka shigo ciki."

"In shigo in bar wa a waje?"

Suka ɗan taka, sai Ɗaya-Biyu ya ci gaba.

"Ka tuna Kaka?"

"Na tuna."

"Lokacin da ka fara salla, wa yake tashinka da asuba? Ni na fita, innarka tana fama da 'yan'uwanka."

"Ita ce."

"Ta ɗumama maka ruwan alwala, ta tsaya a kanka har ka idar, sannan ta buɗe littafinta ta yi tata addu'ar. In ka yi sauri ta ce ka sake, ba tsere ake ba. To gaya mini, kai da ka yi karatu. Tana ina yanzu?"

"Baba, ni ban taɓa cewa tana wuta ba."

"Ban ce ka ce ba. Tambayarka nake yi."

Wani babur ya wuce su. Na canja wa wayar kunne, don gumi ya cika wancan.

"Ban sani ba," in ji Auta. "Allah ne Ya sani."

"Ka gani. Kai ka faɗa sau ɗaya a kan titi. Ni shi nake faɗa tun ina saurayi."

"Ba ɗaya ba ne, Baba. Ni ban sani ba amma na tsaya. Abin da ban sani ba na bar wa Allah, wanda na sani na riƙe."

"Ka yi daidai. Wallahi ina sha'awarka a kan haka. Ni tawa zuciyar ba ta kwanta ba tukuna, kuma ba zan ce ta kwanta ba don a ba ni yarinya."

"Tsoro nake ji maka. In ka mutu a haka fa?"

"Ni ma ina ji. Shi ya hana ni zama. Wanda abin bai dama ba ai yana gida yana barcinsa. Amma Wanda nake nema Ya san ina nemanSa, wannan kam ban taɓa shakka ba. Ranar da na ji abin da nake jira, ba sai ka aiko a kira ni ba."

"Yarinyar fa? Ta tashi ta ga kakanta yau nan, gobe can?"

"Ka koya mata abin da ka yarda da shi, ba zan sa baki ba. In ta isa tashi da asuba, ni zan ɗumama mata ruwa."

Daga nan ban ƙara jin magana ba sai taku. Can suka ɓullo ta bayan masallaci, na sake hango su. Yanzu kafaɗa da kafaɗa suke, Auta ya koma ta damansa, wajen kunnen da yake ji. Suka iso wata ƙofa shuɗiya mai igiyar shanya a gabanta. Ɗaya-Biyu ya ƙara sauri zai wuce, Auta ya tsaya.

"Baba, nan ma. Tana cewa ƙarar tana shiga ɗaki tana tada yarinya. Daga waje ba a ji sosai, sai an shiga."

Ni da nake riƙe da lasifikar na san ƙeya ta juya wa gidan nan. Ba wata ƙara da take zuwa can. Na ce a raina, Maigida, ka rufe bakinka ka shiga, ka yi wa Allah ka rufe bakinka.

Ina! Sai na ji ya ce, "Auta, ƙarar ba ta zuwa nan."

Saura kaɗan in jefa sifana daga sama. Na ga Auta ya sauke jakar ƙasa, ya share fuska da hannun riga, ya sake ɗauka.

"Na sani, Baba," ya ce. "Shigo."

Ƙofar ta rufe, sai abin da waya ta kawo mini. Na ji sallama, na ji matar Auta ta ce, "Lah, Baba ne? Sannu da zuwa, Baba, sannu," tana ta kiciniyar jawo kujera, wani kwano ya faɗi ya yi ta juyi a ƙasa. Sai yarinya ta callara kuka, irin na jaririn da ya ga baƙuwar fuska.

"Yi abinki, uwata, yi abinki," in ji Ɗaya-Biyu. "Kin yi gaskiya, ba ki san ni ba. Kai Auta, ka ji murya? Wannan ai ba ta bukatar amfilifaya."

Na ji Auta ya yi dariya, rabona da jin dariyarsa har na manta. Ni na kashe wayar, don abin da ya rage ba nawa ba ne. Na ɗaure notin a inda yake, na bi sauran na ƙara musu ƙarfi, na sauko a hankali, tafin hannuna duk ya yi ja saboda zafin kwano.

Ladan yana nan yana ƙirga, murya ta dushe. Na ce, "Malam, ya isa haka."

"An gama?"

"An gama."

"Alhamdu lillahi. Na zaci sai na ƙirga mutanen garin nan kaf."

Limamin ya tambaye ni ina mai aikin. Na ce yana wani gida a baya, zai ɗan jima. Ya dube ni ta saman tabarau, ya sa aka kawo mini ruwan sanyi.

Ba zan ce komai ya warware ba. Ɗaya-Biyu bai tsaya gaban kowa ya faɗi komai ba, har yau yana yawonsa, sai dai ƙafa ta rage masa nisa. Auta ma bai janye ra'ayinsa ba. Yana zuwa shago da littattafai su yi ta kai ruwa rana, yarinya tana rarrafe tsakanin wayoyi, ni ina ihu a ɗauke ta kafin ta haɗiye fiyus. Wani lokaci in ga uban ya yi shiru ya karkata kai yana sauraren ɗan, irin sauraren da yake yi a bayan sahu. Ko a nan zai ji abin da yake jira, ko a wani wuri, ban sani ba.

A ranar dai, sai bayan la'asar ya dawo shago. Ya shigo ya rataye hula, a kafaɗar rigarsa ga farin tumbuɗi ya bushe har gadon baya.

Na ce, "Maigida, rigarka."

Ya ce, "Na gani."

Ya zauna, ya jawo wata tsohuwar amfilifaya, ya ce in tura masa fankar.